Uwar folda ɗaya ta isa: gyaran ma'ajiyar bidiyo a sabar gida

Yau hirar ta masu sabar gida ce, wato waɗanda suka mayar da tsohuwar kwamfuta ma'ajiyar finafinai, karatuttuka da bidiyon biki, suna kallo ta Jellyfin ko Plex a cikin Docker.

Ka fara riƙe wannan: kwantenar Docker ba ta ganin komai a kwamfutarka sai foldar da ka buɗe mata. To, da yawa sai su buɗe biyu daban, /downloads ta sababbin fayiloli, /movies ta finafinai. Nan matsalar take. Ko da a faifai ɗaya suke, a cikin kwantena Linux wurare biyu yake ɗaukarsu. In manhajar da ke jera finafinai, irin su Radarr, za ta kai fayil daga wannan zuwa waccan, dole ta kwafe shi gaba ɗaya. In na asalin yana nan, fim mai giga 20 ya cinye maka giga 40. In kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafa, ka tashi da rabin fayil.

Mafitar ba wuya. Ka yi uwar folda ɗaya, /data, ka zuba downloads da media a cikinta, ka miƙa wa Radarr ita ɗungurungum. Yanzu matsar da fayil canjin suna ne kawai, nan take ya gama. Kuma hadlink zai yi aiki, wato fayil ɗaya mai suna biyu: yana fitowa a folda biyu, amma sau ɗaya ya ci wuri.

Shi Jellyfin, /data/media kaɗai za ka ba shi, ka ƙara :ro a ƙarshe. Zai karanta, amma ba zai iya goge komai ba.

Faifanka biyu ko uku ne? Akwai mergerfs, yana haɗa su su fito kamar folda ɗaya. Amma fa a kula, ba ya ajiye kwafi. Faifai ya mutu, abin da ke kansa ya tafi. Bidiyon bikin gidanku dai a ajiye shi a wani wurin ma.

Na ƙarshe, in kwantenoninka na amfani da PUID da PGID, ka sa musu lamba iri ɗaya. A Ubuntu, mai amfani na farko 1000 ne. In sun saɓa, wannan ta rubuta, waccan ta kasa buɗewa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.