Yadda Ake Haɗa Tsohuwar Kwamfuta da Intanet Ba Tare da Waya Ba

Kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa waɗanda aka ƙera kafin shekarar 2003 ba su zo da na'urar Wi-Fi ba. Ita kuwa wannan na'ura ba kome ba ce illa ƙaramar rediyo mai aikawa da saƙo da karɓarsa ta iska, saboda haka ana iya sayo ta daban a jona. A da, kati ne ake zurawa a gefen kwamfutar, mai suna PC Card. Yanzu 'yar mitsitsiya ce da ake sokawa a kafar USB.

Inda gizo ke saƙar shi ne direba, wato manhajar da ke yin tafinta tsakanin kwamfuta da na'urar. In kamfani bai rubuta direba domin tsarin da ke kan kwamfutar ba, kuɗi sun tafi a banza, don haka wajibi ne a karanta kwali kafin a biya. Haka kuma wasu tsofaffin katunan WEP kaɗai suka sani, makullin da masana suka karya tun 2001. A nemi mai WPA2.

Idan kwamfutar Windows XP take ɗauke da shi, Microsoft ya daina toshe ɓarakarsa tun 2014. Shiga asusun banki da ita ganganci ne.