Kainuwa Ta Sha Guba, Kada Ta Shayar Da Mu

Masu lambu a bakin Jakara da Getsi, masu kiwo da masunta na kogin Challawa, ku saurara. Koren ganyen da kuke gani yana yawo a kan ruwa ba shaidar lafiyar ruwan ba ne. Kainuwa dashen Allah ce, gaskiya, amma saiwarta a cikin ruwa take reto, kuma duk abin da ruwan ya ɗauko tana zuƙa, har da ƙarafa masu guba: dalma, kadmiyam, da kuromiyam ɗin da kamfanonin fata ke jima da shi. Tana iya tara su ta ci gaba da yaɗo shar da ita. Haka kachala, haka bado.

Ruwan masana'antun Bompai yana bin Getsi ya faɗa Jakara, ya tafi madatsar Wasai. Na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Ke nan abin da aka zubar a Kano ba a Kano yake tsayawa ba.

Masana kimiyya sun daɗe da gano amfanin wannan hali na tsirran ruwa. Idan ka ɗebi ruwa a kwalba da hantsi, labarin wannan hantsin kawai zai ba ka. Wanda ya saki dagwalonsa da tsakar dare ya sha. Tsiro kuwa yana nan dare da rana, makonni yana tarawa. Sai a tsinko shi a sama da bakin magudanar masana'anta, a tsinko wani a ƙasa, a busar, a niƙa, a narkar da ruwan asid, a auna a na'ura. Saiwa ta fi ganye riƙe ƙarfen, don haka ita ake fara dubawa. Bambancin da ke tsakanin na sama da na ƙasa shi zai nuna inda ɓarnar ta shigo. Aikin bai fi ƙarfin jami'o'inmu ba, kuma hukumar kare muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, don irin wannan aka kafa ta. Me ya hana a riƙa yinsa duk rani, a kuma sanar da sakamakon a rediyo da Hausa?

Kafin a kai can, mu ne ke kwasar tsirran nan da hannunmu. Wani ya zuba wa dabbobi, wani ya tara su ruɓe ya kai gona a matsayin taki, yara su tono bado su ci. Daga ruwan da masana'anta ke zuba wa datti, wannan ganganci ne. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta taɓa ƙarfe. Ko ƙonawa aka yi, yana nan cikin toka.

Kuma gubar ba ta yin ihu. Dalma tana daƙile ƙwaƙwalwar yaro a hankali, kadmiyam yana cin ƙoda da ƙashi cikin shekaru. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ba a farga da gubar dalmar da ke cikin dutsen zinare ba sai da aka yi ta binne yara, fiye da 400. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Can ta ƙura ta shiga, nan kuma ta ruwa take zuwa, ta latas da kabeji da kifin da ake kawowa kasuwannin birni kowace safiya.