Ko Ka San Abin da Ke Ƙarƙashin Fentin Tsohuwar Akori-kura?

Ko ka san cewa Peugeot 404, wadda har yau ake ganin akori-kurarta tana jigilar buhuna ranar kasuwar ƙauye, tun 1960 ta fara fitowa a Faransa? Ƙanwarta 504 ta biyo baya a 1968. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma sai a 2006 ya daina haɗa 504, shekaru da dama bayan Turai ta bar yayinta. Shi ya sa kayan gyaranta suka wadata, daga Panteka ta Kaduna har Ƙofar Ruwa ta Kano, shi ya sa kuma mai ƙaramin ƙarfi ke iya sayen wadda ta kwanta ya tashe ta. Injinta na kafireta ne, babu kwamfuta, bakanike da sifana da kunne mai ji sun ishe shi.

Ba inji ke kai irin wannan mota juji ba, tsatsa ce. Ƙarfe na haɗuwa da iska da danshi ya zama tsatsa, ita kuwa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, don haka take tura fenti ya yi bororo. Duk inda ka ga bororon nan, ɓarna ta daɗe da farawa daga ciki. Bushewar iskar Arewa tana raga wa mota fiye da danshin bakin teku, amma kayan da muke lafta wa akori-kura su ke cinye ta: takin zamani, gishiri, fitsarin awaki da shanu. A ɗaga ledar ƙarƙashin ƙafar direba a duba. A leƙa gindin ƙofofi, inda laka ke toshe ƴan ramukan fitar ruwa, sannan mazaunin batir, inda ruwan batir ke ɗiga.

A nan mai tsimin kuɗi ya fi yin asara. Wani fanal-bita zai kankare sama-sama, ya cika ramin da fila, ya goge sumul, a fesa fenti, mota ta fita tana ƙyalli. Wannan yaɓe ne a kan azarar da gara ta cinye. Fila tana shan danshi, ba ta kuma tanƙwara tare da ƙarfe idan ta yi kauri, sai ka ga ta tsage tun damina ba ta ƙare ba. Aikinta daidaita ƴar loɓawa ne kawai, kaurin ƴan milimita kaɗan. Inda ƙarfe ya ruɓe, sai a yanke a ɗaura sabon falle da walda, ana ɗosawa nan da can ana barin sa ya huce, domin zafi mai yawa yana murɗe falle mai sirara. Mai sayen tsohuwar mota ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ya naɗe shi da ƙyalle ya bi jikinta da shi. Inda ya ƙi kamawa, an jibga fila.

A ganina, kuɗin farko na birki da sitiyari da taya ne, na biyu na walda, fenti shi ne na ƙarshe. Kuma babban rabon aikin fenti guga ne da samfefa, abin da mai mota zai iya yi da hannunsa ya rage kuɗin gareji. Ana farawa da mai kaushi a gama da mai laushi, a wanke maiƙo tas, a rufe tsiraicin ƙarfe da fentin shimfiɗa a ranar, kada raɓa ta kwana a kansa.

Ranar feshi, a guji ƙurar hunturu da tsakar rana. Ƙwararru kan yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, su zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfireso, su yi feshi sirara sau biyu ko uku maimakon mai kauri guda da zai zubo da hawaye.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaron gareji da ke feshi da tsumma ɗaure a hanci. Fentin da ake gauraya shi da sinadarin ƙafewa yana ɗauke da isosayanet, wanda ke haddasa asma, tsumma kuwa ba ya tare shi ko kaɗan. Tsohon fentin da ake gogewa ma yana iya ƙunsar dalma. Mai mota, kafin ka biya kuɗin aiki, tambayi maigidan garejin ko yaron yana da takunkumi na gaskiya, in babu ka sa kuɗinsa cikin lissafin gyaran.