Kasuwar kifi ta sake: ina matsayin tabkunanmu?

Wanda ya shiga kasuwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai tarar da kifi iri uku. Akwai ɗanyen kifi na kogi da na tabki. Akwai banda, wato kifin da aka ƙyafe da hayaƙi. Akwai kuma kifin ƙanƙara, wanda ake kamowa cikin teku, a ɗauko shi cikin kwali daga tashar jiragen ruwa. Kakanninmu ba su san na ukun ba.

Wani babban canji kuma ya faru a duniya. Hukumar FAO, mai kula da abinci da noma, ta ce a shekarar 2022 kifi da sauran dabbobin ruwa da aka yi kiwo sun kai tan miliyan 94, waɗanda aka kama kuwa tan miliyan 91. Wannan ne karo na farko da kiwo ya wuce su. A Afirka, Masar ce kan gaba wajen kiwon karfasa. Maƙwabciyarmu Nijeriya ta shahara da kiwon tarwaɗa. Ke nan masunci ba shi kaɗai yake cikin kasuwa ba yanzu: yana gasa da mai kiwo, yana gasa da mai firigo.

Darasin tabkin Cadi

Kifin ƙasarmu mafi yawa daga tabkin Cadi yake fitowa, cikin jihar Difa. Amma ruwan nan ba ya da tabbas. Bayan farin 1973 da na 1984, tabkin ya janye har ya koma kamar kashi 1 cikin 10 na girman da yake da shi a 1963. Gefen Nijar ya ƙafe shekara da shekaru. Da ruwa ya komo, su ya farfaɗo, motocin banda suka riƙa tafiya Maiduguri, daga can a wuce da ita kudancin Nijeriya.

Sai ga rikicin Boko Haram. A 2015 hukuma ta kwashe mutane daga tsibirai, ta hana su da cinikin kifi, domin a toshe wa ƴan bindiga hanyar samun kuɗi. Ba a ɗage hanin ba sai a 2019. Cikin shekarar nan kuma, a watan Agusta, Nijeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disamba 2020. A 2023 aka sake rufe iyaka, naira kuma ta faɗi ƙwarai. Wanda ya sayar da banda da naira, in ya canza zuwa sefa, sai ya ga ribar ta narke. Kifin ƙanƙara ma bai tsira ba. Da aka rufe hanyar Kotonu a 2023, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin mota ya hau.

Duka wannan, uwargida a kasuwa take jin sa.

Ruwan da ke kusa da mu

A ganina, ribar manomi tana cikin tabkin da ke bayan gari. Mutanen Madarunfa, Gidimuni da Tabalak sun daɗe da sanin haka. Matafiyi a kan hanyar Tawa zuwa Agadas ya san soyayyen kifin Tabalak. Kifin irin waɗannan wurare ba ya jiran a buɗe iyaka, ba ya neman canjin kuɗi.

Tabki da yawa suna riƙe ruwa wata shida ko fiye bayan damana, amma ba kifi ciki. Ana iya zuba musu iri. Ma'aikatan kula da ruwa da dazuzzuka ne ke ba da shawara a kan haka. Tarwaɗa ta fi dacewa da ruwa mai laka, don tana iya shaƙar iska daga sama. Karfasa tana haihuwa da sauri, sai dai in ta yi yawa ba ta girma. Giwan ruwa yana son ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa, kuma ƴan uwansa kifaye yake ci.

Zuba iri ba wuya. Abin da ke da wuya shi ne haƙuri. Dole gari ya kafa ƙungiya, a tsai da watannin da ba a su, a hana taru mai ƙananan idanu. Masu su da gidan sauro ɓarna biyu suke yi: sun kwashe ƴaƴan kifi, sun bar nasu ƴaƴan ga zazzaɓin cizon sauro.

Mai son gina tasa mazubar kifi a gida ya yi lissafi tukuna. Tarwaɗa tana isa sayarwa cikin wata shida, amma abincinta yana cin fiye da rabin kuɗin da za a kashe. Ya kuma samu mai saye kafin ranar kwasa, don ɗanyen kifi ba ya kwana cikin zafinmu.

A kula da guba

Kifi abinci ne mai gina jiki, musamman ga yara da mata masu ciki. Garin busasshen kifi kaɗan cikin kunu ko miya yana taimakon yaron da aka yaye. Amma wasu na zuba maganin ƙwari irin Gamalin cikin ruwa don kifi ya taso, wasu na fesa shi a kan banda don tsutsa. Guba ce, kuma wuta ba ta kashe ta. Tun 2009 ƙasashen duniya suka yarda a daina amfani da wannan magani a noma. Banda mai kyau gishiri take so, da hayaƙi isasshe, da ajiya a wuri busasshe sama da ƙasa. Mai saye ya shinshina, ya karya ya duba ciki. In ya ji warin magani, ya bar ta komai arharta.