Haihuwar da ake saka wa rana: abin da ya kamata ki sani

Kin je awo, likita ya ce za a saka miki ranar haihuwa. Kada hankalinki ya tashi. Ga bayanin daki-daki.

Mece ce haihuwar da ake saka wa rana?

Ita ce wadda ba a jira naƙuda ta zo da kanta. Iri biyu ce. Ta farko, a tayar da naƙuda da magani, ko ƙwaya ko ta ƙarin ruwa, ki haihu da kanki. Ta biyu ita ce tiyata, inda ake ciro jariri ta ciki.

Wa ake yi wa?

Ana yin tiyata idan mabiyiya ta tare hanyar fitar jariri, ko jariri ya kwanta a gicciye, ko kuma an taɓa yi miki tiyatar haihuwa sau biyu. Ana tayar da naƙuda idan ciki ya kai mako 41 shiru, ko kina da hawan jini ko ciwon suga. Hawan jinin da aka yi sakaci da shi ne ke kawo jijjiga. Don haka saka ranar haihuwa ba ragwanci ba ne, komai za a faɗa a gida. Tun kafin rami ya rufta ake kauce masa.

Yaya ake zaɓen ranar?

Ana lissafin ciki mako 40 daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe. Hoton ciki da aka ɗauka a watanni ukun farko ya fi kowanne bayar da lissafi daidai, shi ya sa fara awo da wuri ke da amfani. Idan babu matsala, likitoci kan jira mako 39 kafin tiyata, domin huhun jariri ya gama ƙwari. Wanda aka ciro kafin nan ya fi fuskantar wahalar numfashi. Saboda haka kada ki nemi a matso da ranar don Sallah ko tafiyar maigida. Idan ciwo ya tilasta, likita zai matso da ita da kansa.

Wane shiri za ki yi?

Ku tanadi mai ba da jini tun da wuri. Ki haɗa kayanki da na jariri da katin awo. Za a faɗa miki lokacin daina cin abinci kafin tiyata. Yawanci allura ake yi a gadon baya, ƙasan jikinki ya mutu, amma kina farke har ki ji kukan jaririnki. Za ki kwana uku ko huɗu a asibiti. Ki tambayi likita kafin ki fara wankan jego.

Nawa ne kuɗin?

Ya danganta da asibiti. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a Najeriya. Ki tambaya ko asibitinku na cikin shirin, kuma me za ku saya da kanku.

Idan naƙuda ta riga ranar fa?

Da zarar naƙuda ta fara, ko kin ga jini, ko faya ta fashe, ko motsin jariri ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani ya kama ki, ki tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada ki ce sai ranar da aka rubuta.