Rabi daga uba, rabi daga uwa

Jama'a, kun san yaro yakan ɗauko hancin ubansa, ya ɗauko hasken uwarsa. Ta wace hanya gadon nan yake biyowa? Ga bayani.

Jikin mutum, da na dabba, da na shuka, duk an gina su da ƙananan ƙwayoyi. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Cikin kowace ƙwaya akwai wasu abubuwa kamar zare. Masu ilimi suna kiran su kuromozom. Su ne ke ɗauke da gado: launin fata, tsawo, irin jini.

Zaren nan biyu-biyu suke tafiya, kamar shanun huɗa a gonakin Jiratawa. Ɗaya daga uba ya fito, ɗaya daga uwa. Halitta mai zare biyu-biyu ita ake kira difiloyid.

Kowace halitta da lissafinta

Mutum yana da zare 46, wato biyu-biyu sau 23. A shekarar 1956 aka tabbatar da wannan lissafi a ƙasar Suwidin. Hatsi yana da 14. Dawa tana da 20. Wake yana da 22. Jar akuyar Maraɗi tana da 60.

Amma ƙwan mace rabi gare shi, zare 23. Maniyyin namiji ma 23. In sun haɗu, sai 46 ta cika, ciki ya shiga. Haka yake ga bisashe. Rabin gadon ɗan akuya daga bunsuru yake. Shi ya sa mai son jajayen awaki nagari yake zaɓen bunsuru nagari.

Dubi kuma alfadari. Doki, irin wanda ake hawa ran salla a Tibiri, yana da zare 64. Jaki yana da 62. In jaki ya hau goɗiya, ita ta ba da 32, shi ya ba da 31, sai alfadari ya tashi da 63. Zarensa ba su daidaita biyu-biyu ba. Shi ya sa ba ya haihuwa.

Namiji ko mace?

Cikin zaren mutum akwai biyu da ke raba namiji da mace. Na mace iri ɗaya ne, X da X. Na namiji X da Y ne. Uwa kullum X take bayarwa. In X ya zo daga uba, an samu ɗiya mace. In Y ya zo, an samu ɗa namiji. Ke nan maigidan da ya saki matarsa don tana haifar mata, ya zalunce ta. Abin daga wajensa ya fito, kuma shi ma ba shi ya zaɓa ba.

Ciwon amosanin jini

Wannan ciwo, da ake kira sikila, shi ma ta nan yake biyowa. Mutum yana iya ɗauke da shi a zare ɗaya, ɗayan zaren lafiya lau. Irin wannan mutum ba ya ciwo, ba ya ma sanin yana ɗauke da shi. Likita yana rubuta masa AS. Amma in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na samun zare biyu masu cuta, wato SS. Yaron zai yi ta fama da ciwon ƙashi da ƙarancin jini. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ita kaɗai ba ne.

Saboda haka iyaye, kafin a sa ranar aure, saurayi da budurwa su je likita a Maraɗi su nemi awon jini. Rigakafi ya fi magani.

A tattauna cikin aji:

1. Zare nawa yaro yake gada daga uwarsa?
2. Me ya sa alfadari ba ya haihuwa?
3. Me za ka ce wa maƙwabcinka mai zargin matarsa kan haihuwar mata?