Ƙararrawar Hayaƙi da Wajibcin Tsare Rai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare a Gure da kewaye, azumi wata ne na hura wuta cikin dare. Uwargida ta dafa sahur, barci ya sace ta, garwashi bai mutu ba, ga zana, ga jinka, ga yara kwance.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Da labari ya je wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya kira wuta maƙiyiya, ya yi umurni a kashe ta kafin barci. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, Shehu Halilu ya ɗora biyan ɓarna a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan tsaro doka. Akwai ƴar na'ura mai batir da ake maƙalawa a rufin ɗaki daga ciki; da hayaƙi ya shige ta, sai ta yi ƙara mai tayar da mai barci. Faransa ta yi doka a 2010, ta wajabta aƙalla guda a kowane gida daga 8 ga Maris 2015: mai gida ya saka, mazauni ya kula da ita. Ingila ma tun Oktoba 2015 ta wajabta wa mai ba da haya guda a kowane hawa. Hikimarsa, warin hayaƙi ba ya tayar da mai barci, kuma sau da yawa hayaƙi ke kisa kafin harshen wuta ya iso.

Hukuma na da ikon wajabta irin wannan domin maslaha, kuma bin sa bai saɓa wa tawakkali ba. Kada wani ya ce ƙaddara ta riga fata. Riƙo da sababi shi ma umurni ne.

Mai hali ya saya, ya riƙa gwada ta. Amma ku sani, ba ta jin iskar guba marar wari da gawayi ke fitarwa, don haka kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki. Marar hali ya kashe garwashi, ya rufe tukunyar gas. In gobara ta tashi, a fitar da mutane tukuna, a kira lamba 18.

Allah ya tsare mu da wutar duniya da ta lahira. Amin.